Mu da Ba Mu da Gaɓar Teku: Ina Sabuwar Yarjejeniyar Kare Tekuna Ta Taɓa Ɗan Nijar?

Ranar 17 ga Janairun 2026 wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki, wadda aka tsara don kare halittun da ke rayuwa a tsakiyar teku, can inda babu ƙasar da ke da iko. Tun ranar 19 ga Yunin 2023 aka amince da ita, amma sai da aka jira ƙasashe 60 su tabbatar da ita a hukumance, adadin da ya cika a watan Satumban 2025 lokacin da Maroko da Saliyo suka miƙa takardunsu. Gidajen rediyo sun ba da labarin a taƙaice suka wuce. A fadojin Yamai kuwa, inda ake tankaɗe labarai ana kurɓar shayi, tambayar da ta biyo baya ita ce: mu da sai mun yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin mu ga teku a Kwatano, ina ruwanmu?

Tambayar tana kan hanya. Yarjejeniyar kanta ba za ta sauya kuɗin cefanen kowa ba a bana. Amma binciken da ya haife ta, da halin da gaɓar tekun Afirka ta Yamma ke ciki, sun daɗe da shigowa gonakinmu da tukwanenmu.

Teku kashi-kashi ne

Babbar dokar teku ta duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994, ta raba ruwan gida uku. Daga gaɓa zuwa kimanin kilomita 22, ruwan tamkar ƙasar da ke bakinsa ne. Daga nan har zuwa kimanin kilomita 370, jiragen kowa na iya wucewa, amma kifi da man fetur da duk arzikin wurin na ƙasar ne. Abin da ya wuce haka shi ake kira tsakiyar teku, kuma ya kai kusan kashi biyu cikin uku na faɗin tekunan duniya. Abin da aka killace a cikinsa don kariya kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai.

Nijar ta shiga wannan doka a 2013, kuma dokar ba ta manta da ƙasashe irin tamu ba. Ta ba su haƙƙin wucewa da kaya zuwa teku ta hanyar daidaitawa da maƙwabta, ta ba su damar neman rabo cikin rarar kifin ƙasashen yankinsu, ta kuma ce ma'adinan da ke ƙarƙashin tsakiyar teku gadon ƴan Adam ne baki ɗaya.

Sabuwar yarjejeniyar ta zo ne ta cike giɓin da ya rage. Ta buɗe hanyar killace wurare a tsakiyar teku, ta wajabta auna illar manyan ayyuka kafin a fara su, ta ce a raba amfanin da ake samu daga ƙwayoyin halittar dabbobi da tsirran teku, sannan a horar da masana na ƙasashe masu tasowa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, ikonta bai shafi ruwan da ke kusa da gaɓa ba. Can kuwa mafi yawan kifin da muke ci yake. Wannan yanki dokokin kowace ƙasa ne ke tafiyar da shi, tare da alƙawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka a Montreal a Disamban 2022 na kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030.

Idan masana suka ce muhallin gaɓar tekun ƙasashe masu zafi, abu uku suka fi nufi: kurmin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, wanda suke kira mangurob, da ciyawar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa mara zurfi, da duwatsun murjani. Murjani bai yawaita a gaɓar Afirka ta Yamma ba saboda ruwan koguna da laka da sanyin ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Ya fi yawa a gabashin Afirka da Bahar Maliya, tekun da alhazanmu ke hangowa a Jidda.

Daminarmu daga teku take tasowa

Duk manomin Tawa ko Dogon Dutsi ya san alamar. Ƙarshen bazara iska takan juya, ta daina zuwa daga gabas da ƙura, ta fara busowa daga kudu maso yamma da danshi, shamuwa ta sauka, sai kowa ya nemi irinsa. Hadari kan taso mana daga gabas, amma babban kaso na ruwan da ke cikinsa tururin Tekun Atilantika ne da iskar kudu ta turo.

Wannan sani ya taɓa wanke wani daga laifi. Bayan farin 1973, wani masanin Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani a 1975 cewa dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana sama, shi ya sa iska ta kasa tashi ta haɗa hadari. Bayanin ya shiga kunnen hukumomi da masu ba da agaji, aka yi shekaru laifin fari yana rataye a wuyan makiyayi da mai saran itace. Sai ga farin 1984, wanda ya kai ga Kogin Isa, wato Kogin Neja, ya tsaya da gudu a Yamai a watan Yunin 1985.

A 1986 masu bincike na hukumar yanayi ta Birtaniya, Chris Folland da abokan aikinsa, suka nuna cewa shekarun farin Sahel suna tafiya tare da wani yanayi na teku: ruwan kudancin duniya ya yi ɗumi idan aka gwada shi da na arewa, sai layin damina ya noƙe kudu bai iso mana sosai ba. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin tekuna kaɗai, ita kuma ta fito da shekarun wadatar ruwa na 1950 da shekarun farin da suka biyo baya kusan yadda suka faru. Binciken da ya zo daga baya ya ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atilantika a wancan zamani. Masana ba su ce sare itace ba shi da illa ba, domin busasshiyar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani. Sai dai an gane cewa tushen matsalar yana cikin ruwa, nesa da garken Bafulatani.

Aikin yana nan a Yamai har yau. Cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da aka kafa a 1974, a hayin kogi kusa da Jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, su ne kan gaba wajen haɗa masanan yankin kowace shekara kafin damina su fitar da hasashe: ruwa zai sauka da wuri ko zai makara, za a yi tsaikon ruwa bayan shuka ko a'a. Ginshiƙin hasashen shi ne zafin ruwan Atilantika da Pasifik da Tekun Indiya. Wani ɓangare na awon yana fitowa daga na'urorin da aka ɗaure suna shawagi a tsakiyar Atilantika tun 1997, ƙarƙashin shirin PIRATA na Barazil da Faransa da Amurka. Ke nan shawarar da malamin gona zai ba manomi, ya shuka gero mai saurin nuna ko ya dakata, tana da saiwa a cikin teku.

Game da gaba, lissafin masana bai zo ɗaya ba, amma da yawansu suna ganin tsakiyar Sahel za ta ƙara samun ruwa, mai zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Wani bincike na 2017 ya gano cewa manyan hadura masu ɓarna sun ninka sau uku a Sahel tun farkon shekarun 1980, ya kuma danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Waɗanda suka kwashe kaya daga unguwannin Harobanda da Saga a ambaliyar 2020 ba su buƙatar a fassara musu wannan.

Kifin cikin kwali

Da la'asar, a bakin titi kusa da kasuwar Wadata, mai tuyar kifi takan fasa kwali ta juye kifin ƙanƙara cikin roba ya narke, mai yana zafi a kasko, yaji da albasa suna gefe. Wanda ya duba jikin kwalin sau da yawa zai ga an buga FAO 34. Lambar yankin tekun da aka kamo kifin ce, daga gaɓar Maroko har zuwa bakin Kogin Kwango. Idan ka tambaye ta kasuwa, abin da za ta fara ce maka shi ne: "Malam, kwalin ya hau, kifin kuma ya ƙanƙance."

Gaɓar Maroko da Murtaniya da Senegal tana cikin wurare mafi albarkar kifi a duniya, kuma dalilin iska ne. Tana ture ruwan sama zuwa cikin teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa, ƙananan tsirrai su yi yawa, ƙananan kifaye su bi su. Daga nan sadin ke fitowa, da sadinela wanda Senegalawa ke kira yaboy, kifin talaka a yankin baki ɗaya.

Yaya ake ƙidaya kifin da ke cikin teku? Jirgin bincike mai suna Dr Fridtjof Nansen, na shirin haɗin gwiwar ƙasar Nowe da hukumar abinci ta FAO da ya faro tun 1975, yana bin gaɓar yana aika sauti cikin ruwa, amsa-kuwwar da ta dawo ita ke nuna girman garken kifi. A tudu kuma akwai masu tsayawa a bakin kwale-kwale suna auna tsawon kifin da aka sauke. Idan shekara bayan shekara kifin da ke shiga raga yana raguwa da girma, alama ce ana kama shi kafin ya hayayyafa. Da irin wannan awo ne kwamitin masana na FAO ya daɗe yana cewa kamun sadinela ya wuce kima.

A nan ne ake jayayya. Masana'antun da ke niƙa kifi su mai da shi gari da mai sun yawaita a Nuwadibu ta Murtaniya, da Senegal, da Gambiya. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari, garin kuma ana fitar da shi ne don kiwon kifi da dabbobi a Asiya da Turai. Wani rahoto na 2021 da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar ya ce fiye da tan 500,000 ne ke tafiya haka kowace shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 33. Masu masana'antun da hukumomin da suka ba su izini suna kafa hujja da aikin yi da haraji da kuɗin waje, kuma Murtaniya ta fitar da dokokin taƙaita niƙa wasu nau'o'in kifin. Matan da ke bandar kifi a Senegal suna cewa su dai an janye musu abin sana'a, don ba za su iya gasar farashi da masana'anta ba. Ga ɗumamar ruwa da ke tura garken sadinela arewa, ga jiragen da ke kamun sata, waɗanda wani bincike na 2017 ya ƙiyasta suna jawo wa ƙasashe 6 na yankin asarar kusan dala biliyan 2.3 a shekara. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a Satumban 2025, wadda ta hana gwamnatoci tallafa wa irin waɗannan jirage da kuɗi, ta fi kusa da kaskon mai tuyar nan fiye da yarjejeniyar tsakiyar teku.

Adalci dai shi ne a ce tsadar kifi a Yamai ba daga teku kaɗai take ba. Rufe iyaka da Benin tun 2023, da doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso, da kuɗin wutar ɗakunan sanyi, duk suna cikin farashin kwalin.

Abin da kogi ke kai wa teku

Kogin Isa ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku a kudancin Najeriya. Ruwan da ya ratsa ƙarƙashin gadar Kennedy yana ƙarewa ne cikin kurmin mangurob mafi girma a Afirka. Saiwoyin itatuwan a sarƙe suke sama da laka, a nan ƴaƴan kifi da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙwari. Suna karya ƙarfin igiyar ruwa, kuma lakar da ke ƙarƙashinsu tana riƙe kabon, sinadarin da ke cikin hayaƙin da ke ɗumama duniya, ninkin-ba-ninkin abin da dajin tudu ke riƙewa. Ayu, wanda Sarkawanmu suka sani a kogi, yana rayuwa a can ma.

Babbar ɓarnar da kurmin ya gani daga man fetur ta fito. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Akwai kuma sarar itace don bandar kifi, da wani kwakwan ruwa da aka shigo da shi Kalaba a 1906 wanda ke mamaye inda aka sare.

Mu na sama, abin da ke hannunmu shi ne ruwan daɗi da laka, waɗanda bakin kogi ba ya rayuwa sai da su. An ga misali a Kogin Senegal: da aka kammala madatsar Diama a 1986, ƙasan madatsar ya bushe ya yi gishiri, samanta kuma kacalla ta cika shi. Sai da Murtaniya ta kafa gandun Diawling a 1991 aka riƙa sakin ruwa da gangan kamar ambaliyar da, kafin kifi da tsuntsaye da ciyawa su dawo. Shi ya sa masu nazarin gaɓar teku ke sa ido kan kowace sabuwar madatsa, har da Kandaji, wadda Nijar ke buƙata don noman rani da wutar megawat 130 da riƙe ruwan kogi lokacin bazara. Masu kare aikin suna da hujja mai ƙarfi: madatsun Kainji da Jebba suna ƙasa da mu suna tare laka tun da daɗewa, kuma Binuwai yana shigowa ne a Lakwaja bayan an wuce su. Wurin sasanta irin wannan magana yana Yamai, a Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe 9, wadda ta amince da kundin rabon ruwa a 2008.

Batun leda ya nuna yadda bincike ke gyara kansa. A 2017 wani nazari ya sa kogin namu cikin koguna 10 da suka fi kai roba teku. A 2021 wani sabon lissafi ya nuna cewa ƙananan koguna sama da 1,000 na biranen bakin teku ne ke kai mafi yawa, domin ledar da ta shiga ruwa daga nesa takan maƙale a hanya. Ma'ana, ledar da ruwan sama ke kwasowa ta kwarin Gunti Yena ta fi zama a nan, cikin ragar masuntanmu da tumbin awakinmu, duk da dokar 2014 da ta hana shigo da ita.

Tun 2024 kuma Nijar ta zama mai fitar da ɗanyen mai ta teku. Bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 yana kai man Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, don haka lafiyar wannan gaɓa ta shiga lissafin baitulmalinmu. Gaɓar kuwa teku na cinye ta. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa zaizaya da ambaliya da ƙazanta sun ci wa Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal dala biliyan 3.8 a 2017 kaɗai. A biranen gaɓar waɗannan ƙasashe ne kayanmu ke sauka, a can ne kuma dubban ƴan bidar Tawa ke neman abin aiko wa gida.

A rufe ruwa ko a bar masunta?

Killace ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin ruwa kan hana taɓa tafki har sai ranar su, kowa kuma ya san dalili. Masu goyon bayan killace teku suna nuna Bamboung a Senegal, inda ƙauyuka suka rufe wani rafin mangurob tun 2004, masu bincike suka ga manyan kifaye sun ƙaru. Suna nuna Banc d'Arguin a Murtaniya, da aka killace a 1976, inda aka bar ƴan asalin wurin, Imragen, suna kamun kifi da jiragen filafilai marasa inji.

Masu adawa suna cewa sau da yawa killacewar a takarda take tsayawa, ko kuma ta faɗa kan mai ƙaramin kwale-kwale, babban jirgi yana can nesa yana shara ba mai iya cim masa. Irin wannan saɓani ya biyo kasuwar kabon, inda kamfanoni ke biyan kuɗin dashen mangurob don a rage musu lissafin hayaƙinsu. A Gazi ta Kenya kuɗin ya shiga ayyukan ƙauye kamar ruwan sha da makaranta. A wasu wurare an dasa itacen da bai dace ba a inda bai dace ba ya mutu, ko aka bar mutanen wurin ba su san me aka sayar da sunansu ba.

A nan ɗan Nijar yana da abin faɗa. Sassaben zamani, wato rainon itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram, kuma ya kankama ne lokacin da manomi ya tabbata gawon da ya raina a gonarsa nasa ne. Wuraren da killace ruwa ya ɗore, kamar Bamboung da Banc d'Arguin, su ma an bar wa mutanen wurin hannu a ciki.

Wa ke riƙe da sakamakon binciken?

Ana samun magunguna da sinadaran masana'antu daga halittun teku. Wani nazari na 2018 ya gano cewa kashi 98 cikin 100 na rajistar mallakar ƙwayoyin halittar teku yana hannun ƙasashe 10, kuma kamfani ɗaya na Jamus, BASF, yana riƙe da kashi 47. Wannan ne ya sa ƙasashen Afirka suka dage a tattaunawar cewa sai an raba amfanin, ƙasashe masu jiragen bincike kuma suna gargaɗin kada ƙa'idoji su daƙile aikin kimiyya. An tsaya a kan asusu na musamman, da buɗe bayanan bincike ga kowa, da horo, kuma an ambaci ƙasashe masu tasowa marasa gaɓar teku cikin waɗanda za a kula da buƙatunsu. Yarjejeniyar tana da rauninta: ba ta da ikon take hukumomin kamun kifi da ake da su, kuma Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar da ita ba.

Abin da talaka zai gani

Mai cefane ba zai ga sauyi daga wannan yarjejeniya nan kusa ba. Girman kifin cikin kwali ya fi dogara da matakin da Nuwakshot da Dakar da Banjul za su ɗauka kan masana'antun gari da jiragen sata. Idan kifin teku ya ci gaba da tsada, nauyin zai komo kan kogi da tafkuna irin na Tabalak, a ƙara matsa musu da raga mai ƙananan idanu. Manomi shi ne ya fi kusa da cin moriya, domin duk ƙarin awo a Atilantika yana gyara hasashen damina, in har hasashen ya iso gare shi da harshensa kafin ya zuba iri.

Ɗalibin kimiyya a jami'o'in Yamai ko Tawa yana iya samun ƙofar horo da bayanan da a da sai mai jirgin bincike ke gani. Yadda za a raba kuɗin asusun da guraben horon, taron farko na ƙasashen yarjejeniyar ne zai tsara, wanda aka ce a kira shi cikin shekara ɗaya da fara aikinta. Ƙasashen da suka tabbatar da ita a hukumance ne kaɗai ke da ƙuri'a a wurin.